Filin Mata: Kwikwiyon Farauta Da Kajin Maƙwabta

 

Da niyyata a wannan mako in yi muku maganar adana wake don kada ƙwari su cinye shi, sai ga wata takarda daga Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. Da na karanta na ga wake ya iya jira, wannan kuwa ba ta jira. Wata yarinya ce 'yar makaranta ta rubuto, da hannu mai kyau, Allah ya yi mata albarka. Ta ce da damina yayanta ya samo wani kwikwiyo wajen wani Buzu, siriri mai dogayen ƙafafu, ya ce na farauta ne. Ita ce ke ba shi abinci tun yana ɗan mitsitsi. Da aka gama girbi yayan ya tafi cin rani, ya bar musu shi, ita da innarta. Da, in ji ta, ko daga bakin rijiya ta kira sunansa sai ya sheƙo. Yanzu watansa 8, ya zama kamar an toshe masa kunne da auduga. Ya kashe kajin maƙwabciyarsu guda 2, ɗaya ma tana kwanci, ya kuma kori ɗan akuya har ya faɗa kwalbati. Maƙwabciyar ta daina amsa gaisuwar innarta. Babansu ya ce in ya ƙara, za a kai shi inda ba zai komo ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali kuwa, ranar Laraba da la'asar karen ya ga zomo a bayan gari ya bi, ƙanenta ɗan shekara 9 ya bi karen, ba a gan su ba sai da almuru. Ta rufe takardar da cewa, "Gwaggo, dukansa zan yi, ko kuwa in ɗaure shi har Yaya ya dawo?"

Na san akwai wadda za ta taɓe baki ta ce, yau kuma kare ne a filin mata? To, ke mai taɓe baki, wa ke zuba wa karen gida ƙanzo? Kajin wa ya kan kashe? In rigima ta tashi ta kan danga, muryar wa a ke ji? Namiji ya kan kawo kare ya sa ƙafa ya fita, mace ce ke wuni da shi. Kaza kuwa asusun mace ce, da ita a ke sayen sabulu da littafin yaro, da ita a ke tarbar baƙo. Saboda haka wannan magana tamu ce.

'Yata, ba duka, ba kuma ɗauri na wuni da kwana. Amma kafin in gaya miki abin yi, sai kin san irin dabbar da ke hannunki.

Karnukan farauta kashi biyu ne. Akwai masu bin sawu da hanci, kansu a ƙasa, suna tafe suna shinshina. Akwai kuma masu farauta da ido, su ne dogaye, masu zurfin ƙirji da tsukakken ciki da dogon baki, irin wanda kika kwatanta. Danginsa suna can Azawak, ƙasar da ke arewa da Tawa, tsakanin Nijar da Mali, inda Buzaye ke kiwonsu don tsaron zango da korar barewa da zomo. A shekarun 1970 aka fara kai su Turai, ta Yugoslabiya da Faransa, har yau da sunan ƙasar ta Azawak a ke kiransu a can, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ma ta shigar da su littafinta sosai a 2019. Larabawa suna da nasu, saluki. Mutanen Ingila suna da wani ɗan ƙarami da su ke kira wifet. A ƙarni na 19 ma'aikatan haƙar kwal na arewacin Ingila ne ke kiwonsa, ya kamo musu zomon miya, ranar hutu kuma su yi tsere da shi, har a ke masa kirari da dokin sukuwar talaka. Wannan ɗan kare ya kan yi gudun mil 35 a sa'a, watau wajen kilomita 56. Ki auna: in ya miƙe sosai, kafin ki ƙirga biyar ya ci wajen yadi 80. Naki ko bai kai shi ba, bai yi nisa da shi ba. Wane yaro ne zai cim masa da ƙafa?

Idonsa ma daban ne. A 2004 wasu masana a Ostareliya sun bincika idanun karnuka iri iri, suka tarar masu dogon baki, wurin da ya fi gani a cikin idonsu a shimfiɗe ya ke kamar zare daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa abu kaɗan ya motsa can gefen gona, ke ba ki gani ba, shi ya gani. Kakanninsa shekaru aru-aru an zaɓe su ne don su ga motsi su tashi nan take, ba su jira izini ba, gama karen da ya tsaya shawara da ubangidansa zomo ya tsere masa. To, sa'ad da kaza ta firgita ta buɗe fiffike ta ruga, ba mugunta ce ke tashe shi ba, ba kuma raini ba. Abin da aka halicce shi a kai ne ya motsa. A wannan lokaci muryarki ba ta shiga kunnensa sam, ko da kuwa kin fi mai shelar sarki murya.

Sa'an nan ga shekarunsa. Kin ce da yana jin kira, yanzu ya daina, har kina tambaya ko wani ya yi masa wani abu. Ba wanda ya yi masa kome, balaga ce. A 2020 masana na Jami'ar Niyukasil a Ingila sun gwada karnuka da dama, ko da ya ke ba irin naki ba ne, irin waɗanda a ke koya wa jagorar makafi ne. Suka ga kare ɗan wata 8 ya fi ɗan wata 5 ƙin bin umurnin mai kula da shi, alhali in baƙo ne ya umurce shi sai ya bi. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, na ce ashe ba 'ya'yan mutane kaɗai ba. Kowace uwa mai ɗan shekara 14 ta san wannan hali. Abin ya kan lafa in aka yi haƙuri, amma a daidai wannan tsakani ne a ke yar da karnuka da yawa, ko a sayar, don mutanen gida sun gaji.

To, ga aiki. Abu ɗaya ne za ki koya masa kafin kome, shi ne zuwa in an kira. Zama da kwanciya da ba da hannu duk ado ne. Irin waɗannan karnuka ma ba su son zama a kan ɗuwawu, don tsawon ƙafafunsu, kada ki ɓata lokacinki a kai.

Ki fara a tsakar gida, kaji suna cikin akurki, yara sun tafi makarantar allo. Ki ƙulle 'yan guntayen ƙuli-ƙuli marar yaji, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, a bakin zanenki. Tun da sunansa ya riga ya lalace da yawan kira a banza, ki zaɓi sabuwar alama, ko fito, ko wata gajeriyar kalma da ba a faɗinta a gidan sai don wannan. Yana kusa da ke, taku biyu ko uku, ki yi alamar sau ɗaya. Da ya juyo ya matso, ki ba shi nan take, kada ki tsaya kwance ƙulli, gama kare ba ya haɗa lada da aiki in an jinkirta ko kaɗan. In ba ki son hannunki ya taɓa bakinsa, ki jefa a gindin ƙafarki, duk ɗaya ne. Ki yi haka sau biyar ko shida, ki bari tun bai gaji ba. Safe da yamma, kafin a zuba masa abinci, ba bayan ya ƙoshi ba. Minti 5 ya isa. Wanda ya wuce haka, kwikwiyo ya kan yi hamma ya kama kallon ƙadangare.

Bayan kwana bakwai ko goma, in ya zama da jin alamar sai ya zabura, ki samo igiyar rama mai tsawon gaba 6 ko 7. A nan ki kula ƙwarai. Kada ki ɗaura doguwar igiya a wuyansa. Karen da ke iya irin wannan gudu, in ya kai ƙarshen igiya ta fizge shi, ya iya ji wa wuyansa ciwon da ba ya warkewa. Ki sa baduku ya ɗinka masa ɗamara ta fata ko ta tsumma mai kauri, wadda za ta zagaya ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, a nan za ki ɗaura igiyar. Abin wuya kuma, in za a sa masa, ya zama mai faɗi, a daidaita shi sama kusa da kunne, don kansa bai fi wuyansa kauri ba, in ya ja da baya sai ya zare kamar zobe a yatsa mai sabulu. Ke ma ki lura da hannunki, igiya tana ƙuna in ta zuge.

Da wannan igiya za ki fita da shi, da fari ƙofar gida, sa'an nan masussuka ko filin makaranta bayan an tashi, tare da wani babba. Ki bar shi ya shinshina abinsa, ya manta da ke. Sa'ad da kika ga ya ɗaga kai, ki yi alamar. In ya zo, lada, sa'an nan ki sake shi ya koma wasansa. Wannan sakewa tana da muhimmanci, domin in kullum kira shi ne ƙarshen wasa, kare mai wayo zai gane. Cikin kira goma, tara su zama na lada da sallama, ɗaya ne kaɗai na komawa gida. In bai zo ba, kada ki maimaita. Ki taka igiyar, ki tattaro ta sannu har ki iso gare shi, ki koma wurin da ya fi wannan shiru. Kiran da kika san ba zai amsa ba, kada ki yi shi, don kowane kira na banza koya masa ya ke yi cewa alamar ba kome ba ce.

Ki kuma koyi karanta jikinsa. Kafin ya ruga akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido biyu: ya kan tsaya cik, kunne ya miƙe, wuya ya yi tsawo, wani sa'in ya ɗaga ƙafa ɗaya. A wannan lokaci ne kaɗai muryarki ke da amfani. In ƙafafu huɗu suka bar ƙasa, kin makara. Mafarautan da suka ƙware ba karen kaɗai su ke kallo ba, suna kallon abin da karen zai gani, su riga shi.

Akwai dabarar waɗancan ma'aikatan kwal da na ke so ki ara. A tserensu, mai kare ya kan tsaya can ƙarshen fili, yadi 200, yana kaɗa tsumma yana ihu, wani kuma ya riƙe karen a wannan gefe ya sake shi. Tun suna kwikwiyo a ke saba musu da tsumman, har ya zama ba abin da su ke so kamarsa. Kin gani, ba su kashe masa son bin abu mai motsi ba, sun mai da shi wajen ubangidansa ne. Ke ma ki samo tsumma ko tsohuwar fatar zomo, ki ɗaura a igiya a bakin kara, ki riƙa ja a ƙasa yana bi. Ki ce "kama" kafin ki ja. In ya kama ya ɗan girgiza, ki nuna masa ƙuli-ƙuli ki ce "saki", ya saki ki ba shi. In an gama ki ɓoye tsumman a inda ba zai kai ba. Ranar da ya kufce miki, kada ki bi shi, don a wurinsa wannan tsere ne, kuma shi zai ci. Ki yi alamar, ki juya masa baya ki ruga wajen gida kina jan tsumman. Sau da yawa sai ki ji shi a bayanki. Na san budurwa tana jin kunyar gudu a gaban mutane, sai ki koya wa ƙanen nan naki, ya fi masa bin kare cikin daji.

Yanzu maganar duka. Ina yarinya, a gidan kakana wajen Tsafe, akwai wata karya ja da a ke kira Kibiya. Ba a taɓa ganin mai gudunta a unguwar ba. Kawuna, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai zafin zuciya. In ta bi wani abu ta daɗe, ya yi ta kira, sa'ad da ta komo tana haki tana kaɗa wutsiya sai ya tarbe ta da tsumagiya. A ganinsa yana hukunta ta ne don ta tafi. Ita kuwa abin da ta sani shi ne, ta zo, an duke ta. Ba a yi wata biyu ba ta koyi tsayawa daidai inda sanda ba ta kaiwa. A kira ta, ta matso, ta tsaya can tana kallo da gefen ido. Mu yara mu kan yi dariya. Wata safiya ta ƙetare babbar hanyar nan ta Gusau zuwa Funtuwa bayan kurege, ya hango mota tafe ya kira ta, ta juyo, ta tsaya nesa da shi kamar yadda ta saba, a tsakiyar kwalta. Kwana uku kawuna bai yi magana da kowa ba.

Saboda haka ko sa'a guda ya yi bai komo ba, ko zuciyarki tana tafasa, in ya iso ki tarbe shi da murya mai daɗi. In ba ki iyawa, ki yi shiru ki sa masa igiya. Waɗannan karnuka fatarsu sirara ce, zuciyarsu ma haka. Karen gida mai kauri ya kan sha duka ya manta, wannan ba ya mantawa, sai ya zama matsoraci mai ɓuya a bayan rumbu, kare matsoraci kuwa shi ya fi saurin cizo.

Sai kaji, kuma a nan zan gaya miki gaskiya ko ba daɗi. Kwikwiyon da ya tashi cikin kaji tun kafin ya cika wata 3 ya kan ɗauke su 'yan gida, don a makonnin farko ne kare ke sanin wa ye nasa. Wanda ya riga ya kashe har sau biyu kuwa, ya ɗanɗana, ba na ce miki za a sake amince masa shi kaɗai da kaza ba. Ana rage abin, ba a cika kawar da shi ba. Ki riƙe shi da gajeriyar igiya nesa da kajinku suna tsince, nesa ƙwarai, inda zai gan su amma bai zabura ba. Ya dube su ya juyo ya dube ki, lada. Gobe ki matsa taku ɗaya. In ya fara rawar jiki, kin matsa da yawa, ki ja baya. Wasu za su ce miki a ɗaura masa mushen kazar a wuya har ta ruɓe. Kada ki yarda. Ba ya gane dalili, ga ƙuda, ga cuta a gida mai yara. Kazar da ke gudu da wadda ke rataye ba abu ɗaya ba ne a idonsa.

Abin da ya fi wannan duka amfani shi ne tsari. Wannan kare ba mai yawon wuni ba ne. In ya sami gudu mai ƙarfi na ɗan lokaci, safe da yamma, sauran wunin barci ya ke yi kamar kyanwa. To, a fita da shi da sassafe kafin a buɗe akurki, da kuma magariba ta gabato bayan kaji sun shiga. Tsakanin nan ya zauna a wurinsa mai inuwa da ruwa, an kewaye da kara mai tsawo, don yana tsalle. Ɗaurin wuni da kwana da kika ambata, shi ke tara masa gudun a jiki, ranar da igiya ta tsinke kuwa sai abin da Allah ya yi.

Maƙwabciyarku kuma tana da gaskiya. Kada innarki ta tsaya cewa ai dabba ce. Kaza mai kwanci ba kaza ɗaya ba ce, da ita da 'yan tsakin da a ke sa rai. A biya ta tun magana ba ta kai gaban mai unguwa ba, kuma yayanki ne ya kamata ya aiko da kuɗin, tun da shi ya kawo kare. Ku shiga gidanta ke da innarki, ku ba ta haƙuri, ki gaya mata lokutan da za a riƙa fita da karen don ta san sa'ad da za ta saki kajinta. Mace in ta ga an ɗauki asararta da nauyi, rabin fushin ya tafi.

Maganar ƙanenki ita ce ba ni sassautawa. Kowa ya san halin da dajin ƙasar Zamfara ya ke ciki shekaru fiye da 10, Tsafe da Bunguɗu duk sun ɗanɗana fitinar 'yan bindiga. Inda iyayenmu ke zuwa itace da farauta ba fargaba, yau magidanta ma sai sun yi shawara. A kafa doka a gidan, babanku ya faɗe ta da bakinsa: in kare ya wuce gonakin bakin gari, ba yaron da zai bi shi. A tsaya inda ya bar mutum, a yi alamar, a ɗan jira, a komo gida. Yawanci ya kan biyo sawu da kansa. In bai komo ba, an yi asarar kare.

Abincinsa ba wuya: tuwo, da ɗan nono, da abin da ya samu na nama ko kifi. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji, ban da albasa mai yawa, tana ɓata musu jini. Kada ganin haƙarƙarinsa ya tsorata ki, haka ƙirarsu ta ke, amma masu cewa a bar shi da yunwa don ya yi zafin farauta, kaji su ke jawo wa. Da hunturun nan a shimfiɗa masa tsohon buhu inda iska ba ta bugawa, ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi. Ki gaya wa yayanki kuma kada ya yi garajen kai shi farauta bana. Ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba sai ya shekara, sa'an nan ya fara bin manyan karnuka yana koyo. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma ba ɗan wata 8 ba.

Ban ga kin ambaci allura a takardarki ba, wannan kuwa ya dame ni. Ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A kan yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. A ƙasar nan ma ana yin maganin, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda ta ke can tun 1924. Babanku ya nemi malamin dabbobi ko ya kai shi asibitin dabbobi a Gusau, a haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska. Ku kuma iyaye, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko na gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran a gani, domin in alamun ciwon suka bayyana, magani ya ƙare.

Wata za ta tambaya, shin ajiye kare ma ya halatta? Ba ni ce malamar ba, amma abin da muka koya a makaranta shi ne an yi izini da kare na farauta da na kiwo da na tsaron gona. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta abin da dabbar farauta da aka koyar ta kamo, in an ambaci sunan Allah. Malamanmu na Malikiyya kuma da suka zo bayanin wane ne karen da aka koyar, sai suka ce shi ne wanda in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Kin ga ashe aikin da za ki yi da igiyar rama da ƙuli-ƙuli, shi ne ke mai da shi karen farauta na sosai. A ware masa kaskonsa daban, kada ya sa baki a kwanon gida, gama hadisi ya yi umurni a wanke abin da kare ya yi lallage a ciki sau bakwai. Sauran bayani a tambayi malamin unguwa.

To, 'yata, ki sami babanku bayan ya ci tuwon dare, ki durƙusa ki roƙe shi kwana 40. Ki nuna masa wurin da za a kewaye, ki gaya masa an shirya da maƙwabciya, ki karanta masa wannan shafi in ya yarda. In kwana 40 sun cika karen bai canja ba, ko kuwa karatunki ya fara ja baya saboda shi, gara a ba wani mafarauci mai karnuka wanda zai iya da shi, da a kai shi daji a yar. Ki rubuto mini yadda aka ƙare, ki kuma gaya mini sunan karen, kin manta ba ki faɗa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar wake. Wadda ke da tsohuwar jarka mai murfi kada ta yar.